Doki nawa ya kamata a ɗaura wa jirgin da zai shiga teku?

Daga Damagaram zuwa bakin teku mafi kusa kusan kilomita 1,000 ne a miƙe, amma kuɗin mutanen garin nan sun daɗe da isa can. A cikin ƴan uwanmu masu harka a Lome da Kwatano da Ikko akwai masu sa hannu a jirgin kamun kifi ko na jigila: wani ya kawo jirgi, wani ya sayi inji, a riƙa raba abin da Allah ya hore. Mai sayen inji kuwa da tambaya ɗaya yake farawa, wato inji mai ƙarfin doki nawa zai saya. Amsa biyu ake yawan ba shi. Wani ya ce ya ɗauki ƙarami don kada mai ya cinye riba, wani ya ce ya ɗauki mafi girman da aljihunsa zai iya, tunda teku ba wurin wasa ba ne. Duka biyun suna iya jawo asara, domin ba su tambayi jirgin da za a ɗaura wa injin ba.

Abin da za a fara sani shi ne yadda jirgin yake tafiya a ruwa. Akwai wanda ke keta ruwa da ƙirjinsa, gangar jikinsa a nutse daga tashi har isowa. Dogayen kwalekwalen katako na masuntan Gana da Togo da Benin, irin waɗanda ake sassaƙa ƙasansu da wani ice da ake kira wawa a Gana, duk a nan suke, haka ma manyan jiragen da ke ɗauko banda a tafkin Chadi. Akwai kuma jirgin faiba mai faɗin baya, wanda idan ya samu ƙarfi yake ɗagowa ya hau bisa ruwa yana sulɓi. Lissafin doki na waɗannan biyun bai haɗa hanya ba ko kaɗan.

Jirgi mai keta ruwa yana da iyakar gudu da tsawonsa ya yanka masa. Yayin da yake tafiya yana tayar da igiyar ruwa a gaba da baya, idan tsawon igiyar ya kai tsawon jirgin sai ya zauna a cikin ramin da ya haƙa wa kansa. Ga yadda ake ƙiyasta wannan iyaka: a auna tsawon jirgin a daidai layin da ruwa ya tsaya, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan tsawon, a ninka ta da 4.5. Jirgi mai mita 16 lambarsa 4 ce, iyakarsa kenan wajen kilomita 18 a awa. Mai mita 9 kuwa 13.5. Siririn kwalekwale yana ɗan wuce haka, amma da tsada. A kusa da wannan iyaka ƙarfin da ake bukata yana tashi da sauri fiye da gudun da ake samu, kusan gudun ne a ninka shi da kansa sau uku. Ma'anarsa a aljihu ita ce, wanda ya rage gudu da kashi 10 cikin 100 ya rage ƙarfin da yake nema da wajen kashi 27, a kan kowane kilomita kuma wajen kashi 19. Shi ya sa mai kwalekwalen da doki 40 ke tura shi lafiya, idan ya ƙara wani doki 40 don ya riga abokansa isa, abin da zai gani shi ne baya ya ƙara nutsewa, igiyar da yake bari ta ƙara girma, jarka tana ƙarewa da wuri, gudun kuwa ɗan kaɗan ya ƙaru. A irin wannan jirgi dalilin ajiye ƙarfi na rara guda ne: tsallake igiyar bakin gaɓa. Gaɓar Benin da Togo tana da igiya mai karyewa da ƙarfi, kuma a cikin ƴan daƙiƙun da matuƙi ke neman ratsa ta yana bukatar inji ya amsa nan take. Da an wuce wurin, a sassauta totur.

Jirgin faiba mai hawa bisa ruwa shi ne mai wahalar lissafi, kuma a nan aka fi tafka kuskure mai tsada.

Ma'aunin da masu harkar suka saba da shi shi ne doki ɗaya ga kowane kilo 11 zuwa 18 na nauyi. Nauyin da ake nufi shi ne na ranar da jirgi ya fi cika, ba wanda mai sayarwa ya rubuta a takarda ba, domin nasa na gangar jirgi ne babu kowa babu komai. Mu ɗauki misalin jirgi mai mita 7 da rabi. Gangarsa kilo 1,300. Inji 230. Fetur lita 300, kowace lita wajen giram 740, ya kama kilo 220. Mutum biyar, 375. Ƙanƙara da akwatinta 300, kifin da ake fatan dawowa da shi 300, sai anga da igiya da batir da ruwan sha da kayan kamun kifi 175. Jimla kilo 2,900, fiye da ninki biyu na abin da ke takarda. A raba da 18 a samu doki 161, a raba da 11 a samu 264. Kenan mai doki 150 ya gaza tun a lissafi, ko da ranar gwaji da mutum biyu da rabin tanki ya yi ta tashi kamar zai bar ruwa. Mai 200 ya ba da kilo 14 da rabi ga kowane doki, tsakiyar ma'auni, kuma ni a nan zan tsaya wa wannan jirgi. Idan kullum da kaya fiye da haka yake fita, sai a duba 225 ko 250. Kafin duk wannan a karanta ƙaramin allon da maƙera jirgin suka manna kusa da wurin tuƙi ko a bangon baya, wanda ya faɗi iyakar dokin da jirgin zai ɗauka. Ba a ƙetare wannan lamba. Bangon baya yana tsagewa, jirgi yana ƙin jin tuƙi, kuma nauyin injin yana sa ruwa ya riƙa shigowa ta baya duk lokacin da aka tsaya.

Me ya sa ƙaramin inji bai cika tsimin mai ba a irin wannan jirgi? Saboda akwai wani gudu na tsakiya da ya fi kowane cin mai, lokacin da jirgi ya ɗaga hanci sama, baya ya nutse, yana fafutukar hawa bisa ruwa bai hau ba. Injin da ƙarfinsa ya gaza yana daɗewa a wannan hali, kuma da igiya ta bugi jirgi ko kaya suka ƙaru sai ya sake faɗawa ciki. Don ya riƙe jirgin a sama dole a bar shi kusa da ƙarshen totur yini guda, a can kuwa inji yakan ƙara wa kansa fetur fiye da kima don ya sanyaya cikinsa. Ga kuma zafi da laimar bakin teku, waɗanda ke rage wa kowane inji wani abu daga ƙarfin da aka rubuta a murfinsa. Babban da ya wuce kima shi ma da nasa: kuɗin saye, nauyi a baya, da matuƙin da ba ya iya haƙuri idan ya ji ƙarfi a hannunsa.

Abin da ake nema shi ne injin da zai riƙe jirgi cike da kaya a bisa ruwa yana juyi 3,500 zuwa 4,200 a minti, ya bar rara ta ranar da teku ta ɓaci.

Wanda zai san ko ya samu haka dole ya daina auna mai da awa. Lita nawa a kilomita, wannan ce lambar da ke faɗin gaskiya. Ƙiyasin da ake yi na inji mai bugu huɗu, irin wanda ba a haɗa wa fetur da baƙin mai, a ƙarshen totur shi ne wajen lita 0.37 ga kowane doki a awa, wato mai doki 200 zai sha kusan lita 75. Amma ba a ƙarshen totur ake yini ba. Ga misalin yadda lambobin jirginmu na sama za su iya fitowa, don a ga siffar abin, kowane jirgi kuwa da nasa. A juyi 1,500 yana tafiyar kilomita 11 a awa da lita 6, wato 0.55 a kilomita, mai sauƙi amma hanya ba ta ƙarewa. A 2,800, hanci a sama, kilomita 17 da lita 19: ya haura 1.1. A 3,800 ya hau ruwa ya daidaita, kilomita 38 da lita 30, ya sauko 0.79. A 5,800 kilomita 65 da lita 75, ya koma 1.15. A duba da kyau, wanda ya tsaya a 2,800 yana ganin lallaɓa inji yake yi, kusan daidai yake ƙona mai da wanda ya murɗe totur har ƙarshe, ga shi kuma bai yi sauri ba.

Idan wurin kamun yana kilomita 60 daga gaɓa, zuwa da dawowa 120 kenan. A 3,800 lita 95 ne cikin awa uku da minti goma. A ƙarshen totur lita 138 cikin ƙasa da awa biyu kaɗan. Bambancin lita 43. Mu ƙaddara lita sefa 700 ce, jika 30 kenan a fita ɗaya, jika 450 a fita goma sha biyar, don a rage awa ɗaya da minti ashirin a hanya. Akwai ranar da wannan lokaci ya cancanci kuɗinsa, kamar idan hadari ya taso ko ƙanƙara ta fara narkewa. Sauran ranaku asara ce tsagwaronta. Injunan zamani suna nuna shan mai a agogonsu. Wanda nasa ba ya nunawa, ya cika ƙaramin tanki mai lita 25, ya yi tafiyar minti 15 a juyi ɗaya ba ragi ba ƙari, ya duba nisan a GPS na waya, ya auna abin da ya ragu, ya maimaita a wani juyin. A yi gwajin zuwa da dawowa don iska da jan ruwa su soke juna. Alhaji da ke zaune a unguwar Zango ko Birni a Damagaram yana da haƙƙin ya nemi a turo masa waɗannan lambobi kafin ya biya kuɗin inji, kuma matuƙin kirki ba zai ji haushi ba.

Sai batun bugu biyu da bugu huɗu. Mai bugu biyu na kafireta, wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai, shi ne sarkin gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Yamaha Enduro mai doki 40. Nauyinsa kilo 70 da ƴan kai, mutum biyu suna sauke shi su kai rumfa, kowane bakanike na bakin ruwa ya san cikinsa, kayan gyaransa suna ko'ina. Aibinsa a ƙirarsa yake: lokacin da sabon fetur ke shiga silinda, ƙofar hayaƙi tana buɗe, sai wani kaso ya fice ba a ƙona shi ba, wajen ɗaya bisa huɗu. Wannan mai doki 40 yana shan kusan lita 20 a awa a ƙarshen totur, rabin lita kenan ga kowane doki. Haɗinsa na yau da kullum 50 da 1 ne, wato rabin lita na baƙin mai a tanki mai lita 25, kuma ya zama mai na injin ruwa mai alamar TC-W3. Man mota yana barin toka a kan buji da fistan. Sabon inji ana ninka masa baƙin mai a awanni goma na farko, amma a bi abin da littafinsa ya ce.

Mai bugu huɗu na allura, wanda allura ke fesa wa fetur maimakon kafireta, ya fi tsimi nesa ba kusa ba, musamman a ƙaramin gudu da tsaka-tsaki, kuma daga doki 100 zuwa sama, ga jirgin da ke fita nesa kullum, ban ga dalilin zaɓen wani ba. Sharaɗinsa mai tsabta. Mu nan mun san halin man ƴan ruwa-ruwa na kwalba duk da matatar SORAZ tana kusa da mu tun 2011, a Benin kuma suna da nasu da suke kira kpayo. Babur yana haƙuri da shi, allurar injin doki 200 ba ta yi. Ruwa kaɗan ko ƙura sun isa su toshe ta a tsakiyar teku. A sa matatar da ke raba ruwa da fetur, mai maikron 10, tsakanin tanki da inji, a riƙa zubar da abin da ya taru a kofinta kafin kowace fita, a ajiye wata sabuwa a cikin jirgi. Fetur ɗin da aka yi shakkarsa a zuba kaɗan a farar kwalba a bar shi ya natsu, ruwa zai kwanta a ƙasa a gan shi da ido. A kuma tabbatar akwai bakanike mai kwamfutar duba irin wannan inji a tashar da jirgin yake. Wannan ya shafi masu sayen na hannu: kamfanin da ke yin Evinrude ya daina ƙera shi a 2020, don haka arharsa a yau tana iya zama zaman jiran kayan gyara gobe. Kowane irin inji ne, kafin a biya a sa a auna matsin silindodinsa, kada bambancin da ke tsakaninsu ya wuce kashi 10 cikin 100.

An sayi dokin da ya dace, saura farfela, kuma ita ce ke iya lalata duk lissafin da aka yi. Injin jirgi giya ɗaya gare shi ta gaba, farfela ce ke yanke ko babba ce ko ƙarama. A jikinta akwai lamba biyu, misali 14 x 19. Ta farko faɗinta ne a inci, ta biyu takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya zamewa. Kowane inji yana da iyakar juyin da ya kamata ya kai a ƙarshen totur: masu bugu huɗu yawanci 5,000 zuwa 6,000, masu bugu biyu 4,500 zuwa 5,500. A loda jirgi da kayansa na aiki, a buɗe totur duka na ɗan lokaci a ruwa mai kwanciya, a duba agogo. Idan ya tsaya a 4,700 alhali ya kamata ya wuce 5,000, takun ya yi yawa, injin yana cikin halin motar kaya da aka sa ta hau tudu da babbar giya. Yana zafi, yana tara baƙin hayaƙi, fistan yana cin wuya, kuma hakan yana faruwa a kowane gudu, ba sai a ƙarshen totur ba. Rage inci ɗaya na taku yana ƙara juyi 150 zuwa 200, don haka daga 19 zuwa 15 zai kai shi wajen 5,300 zuwa 5,500. Masu cewa babban taku yana tsimin mai saboda juyi ya ragu sun duba agogo ɗaya sun bar ɗaya. Idan kuma juyi ya wuce iyaka, taku ya yi kaɗan, a ƙara. Ga jirgin teku mai kaya na fi son ya kai rabin sama na iyakar, domin ranar da aka cika shi da kifi zai sauko da kansa. Farfela mai fiffike huɗu tana taimaka wa jirgi mai nauyi ya zauna bisa ruwa a ƙaramin gudu, ko da ta ɗan rage gudun ƙarshe.

Tsawon ƙafar inji ma a auna shi da bangon baya. Ana yin su inci 15, 20, 25 da 30. Faffaɗan farantin da ke saman farfela ya zo daidai da ƙasan jirgi ko kusa da haka. Idan ya nutse da yawa ƙafar tana jan ruwa a banza. Idan ya yi sama farfela tana shaƙar iska duk lokacin da igiya ta ɗaga baya, a ji inji ya yi ƙara jirgi bai motsa ba, famfon sanyaya shi ma ya rasa ruwa.

Wasu ƙananan abubuwa suna satar mai a hankali har a zargi inji ko matuƙi. Ƙasan jirgin da ya kwana makonni a ruwan gishiri yana tara gansakuka da ƙananan kwansuna, su kaɗai sun isa su hana shi hawa ruwa. Fiffiken farfela da ya lanƙwashe ko ya gutsure. Kaya da aka jibge a baya. Sai wata al'ada ta wasu makanikai da ke ba ni takaici, ta cire na'urar da ke daidaita zafin inji wai don ƙasarmu da zafi: injin sai ya riƙa aiki a sanyaye, yana shan mai fiye da kima, fetur yana gangarawa cikin baƙin mai. A kuma riƙa cire farfela ana duba sandarta, domin zaren kamun kifi yana naɗewa a wurin ya yanke robar da ke tare ruwa. Alamarsa man giya ya fito fari kamar madara. Injin da aka ɗauko daga ruwan daɗi, na kogin Isa, wato Neja, ko na tafkin Chadi, a duba ƙarafan da ke kare shi daga tsatsa kafin a sa shi a teku. Na ruwan gishiri zinki ne ko alminiyam, kuma ba a shafa musu fenti.

Tambayar inji ɗaya ko biyu tana tasowa duk lokacin da aka ce za a yi nisa da gaɓa. Ta fuskar mai, ɗaya ya fi. Mai doki 300 guda nauyinsa wajen kilo 260 ne, masu 150 guda biyu sun haura 400, ga ƙafa biyu a ruwa, ga kuɗin juye da buji da matata ninki biyu duk awa 100. Amfanin biyu shi ne idan ɗaya ya mutu ɗaya ya dawo da mutane gida, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai a san cewa guda ɗaya cikinsu da wuya ya ɗaga jirgi mai kaya bisa ruwa, a hankali za a dawo. Kuma idan tanki ɗaya suke sha, batir ɗaya suke tashi da shi, gurɓataccen mai zai kashe su tare. Kowanne ya samu matatarsa da batirinsa, in da hali da tankinsa. Ga jirgi irin na misalinmu, babban inji ɗaya da ƙaramin mai doki 15 a gefe, da nasa tankin daban, ya fi sauƙin kuɗi, da sharaɗin a riƙa tayar da ƙaramin duk mako don kada ranar bukata a tarar kafiretarsa ta toshe.

Girman tanki daga lambar lita a kilomita yake fitowa. Ƙa'idar masu teku ita ce a kasa mai uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ba a taɓa shi. A misalinmu zuwa zai ci lita 48, amma dawowa da kifi, wataƙila ana fuskantar iska, a ƙaddara masa 60, kuma da babbar lambar ake lissafi. Sau uku 180 kenan. Bututun tanki ba ya tsotse na ƙasa duka, musamman jirgi yana tangaɗi, don haka a ɗauka kashi 90 cikin 100 ne kawai ake mora, abin ya kai lita 200. A kan wannan sai a ɗora man da za a ƙona a wurin kamun, awa nawa za a yi ana zagayawa a ƙaramin gudu, a ninka da lita 6.